Lahirar Telebijin Ta Amurka: Shin Hali Zanen Dutse Ne?

Ranar 19 ga watan Satumba na shekarar 2016 ne gidan telebijin na NBC da ke ƙasar Amurka ya soma nuna wani wasan kwaikwayo na ban dariya mai suna The Good Place, watau Kyakkyawan Wuri. Wasan ya yi zango huɗu, kashi 53 gaba ɗaya, galibinsu ba su wuce minti ashirin da 'yan kai ba, aka kuma rufe shi ranar 30 ga Janairu, 2020. Kamfanin Netflix ya kai shi ƙasashe da yawa, ta nan ne ma akasarin mutanen da ba Amurkawa ba suka gan shi. Abin da ya raba shi da sauran wasannin barkwanci na Turawa shi ne, mutane huɗun da labarin ya ratayu a kansu duk sun riga sun mutu tun kafin a buɗe labule.

To, da jin haka wani dattijo zai ce a'uzu billahi, yaushe lahira ta zama abin wasa? Wannan magana tana da nauyi, bai kuwa kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Amma wanda ya shirya wasan, wani Ba'amurke mai suna Michael Schur, bai taɓa cewa ya san abin da ke bayan kabari ba. Tun a kashi na farko an sa wani ɗan wasa ya faɗa cikin raha cewa kowane addini ya dace da kimanin kashi biyar ne kawai cikin ɗari na yadda abin yake, mutumin da ya fi kowa kusa kuwa wani saurayi ne ɗan ƙasar Kanada da ya yi mankas da kayan maye a 1972, ya yi ta sambatu har ya dace da kashi 92. Wanda ya buɗe labarinsa da irin wannan shaƙiyanci ai ya riga ya ce "ga ta nan, ga ta nanku". Tatsuniya ce. Ba wanda ya taɓa tsare kakarsa da tambayar ko da gaske Gizo ya yi magana da Ƙoƙi. Wanda ke neman sanin lahira ya tafi wajen malamansa. Wannan wasa kuwa, duk da sunansa, a kan duniya yake magana, a kan kuma wata tambaya guda da ta shafi kowane mai rai: shin mutumin banza yana iya gyaruwa, in kuwa yana iyawa, me ke gyara shi?

Sai dai a yi wa mai karatu gargaɗi tun da wuri, ba yadda za a yi a tattauna wannan tambaya ba tare da an tona asirin labarin ba.

Ga yadda abin ya faro. Wata mata mai suna Eleanor Shellstrop, 'yar birnin Phoenix na jihar Arizona, ta buɗe ido ta gan ta zaune a wani ofis. Wani dogon dattijo mai furfura, shi ma sunansa Michael, ya shaida mata ta mutu, amma ta kwantar da hankalinta, ta samu shiga Kyakkyawan Wuri. Ya ce shi ne ya zana unguwar da za ta zauna, unguwa mai mutum 322, kowa da gidansa da abokin zamansa na har abada, ga shagunan kindirmo mai ƙanƙara a kowace kusurwa, ga kuma wata halitta mai siffar mace, Janet, wadda ta san kome, da an kira sunanta sai ta bayyana ta kawo abin da ake so. Ko ashar mutum ya yi niyyar ɗurawa, sai bakinsa ya juya kalmar ta fito wani abu dabam. Ya kuma bayyana mata yadda ake shiga: duk abin da ɗan Adam ya aikata a duniya ana ba shi maki, ko a ƙara ko a rage. Wanda ya tuna ranar haihuwar 'yar'uwarsa ya samu kaɗan, wanda ya zuba guba a kogi ya yi asara mai yawa. In ya mutu sai a tara jimla. 'Yan ƙalilan masu maki na ƙoli su ne ke shigowa, sauran duka sai Mugun Wuri.

An ce shi Schur ya samo wannan dabara ne a cikin cunkoson motocin birnin Los Angeles, inda yakan ga direba ya bi gefen titi ya yi wa jama'a yanke, shi kuma a zuciyarsa ya rage masa maki. Duk wanda ya taɓa kwana rabin yini a cunkoson Ikko ya san wannan lissafi, ya ma yi shi.

Matsalar Eleanor ita ce an yi kuskuren suna. An ɗauka ita ce wata lauya mai ceto waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa bisa zalunci. Alhali kuwa sana'arta a duniya ita ce buga wa tsofaffi waya tana sayar musu da maganin jabu, ta kuwa ƙware har ta fi kowa ciniki a kamfaninsu. Ba ta kashe kowa ba, ba ta yi fashi ba. Irin mutanen nan ne da ba sa sa kuɗi in ana karo-karo a ofis, ba sa zuwa bikin kowa, in an bar musu amana su yi watsi da ita, in an yi magana su ce ba sa bin kowa bashi, kowa kuma ba ya bin su. Kristen Bell ce ta fito a matsayinta, ta kuwa iya sa mutum ya yi dariyar abin da ya kamata ya ji kunya.

Da ta ga asirinta na shirin tonuwa sai ta faɗa wa mutumin da aka ce shi ne abokin zamanta, ta roƙe shi ya koya mata zama mutumiyar kirki. Wannan mutum sunansa Chidi Anagonye, kuma a labarin a Nijeriya aka haife shi, ya tashi a Senegal, ya zama shaihun malami mai koyar da falsafar ɗabi'u a jami'a. Sunan Chidi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna tare da 'yan ƙabilar Ibo. Abin a yaba ne cewa a wasan Amurka, inda aka saba nuna baƙin mutum ɗan Afirka yana gudun yaƙi ko yana talla, a nan shi ne malami, Baturiya ce ɗalibarsa. Amma ba a mai da shi waliyyi ba. Chidi, wanda William Jackson Harper ya fito a madadinsa, mutum ne da ilmi ya yi wa dabaibayi. Ba ya iya zaɓar ko da abin da zai ci sai ya auna ta nan ya auna ta can har cikinsa ya murɗa. Ya shekara da shekaru yana rubuta littafi guda har ya kai shafi 3,600 ba wanda ke iya karantawa. Wani abokin aikinsa ya taɓa sayen jan takalmi mai muni, ya tambaye shi ko ya yi kyau, Chidi ya ce ya yi, sai wannan 'yar ƙarya ta hana shi barci shekara da shekaru, ya rasa lokacin da zai faɗi gaskiya sai da mutumin ke kwance a asibiti an yi masa aiki. Mutuwarsa ma haka ta zo: yana tsaye a bakin titi ya kasa yanke shawarar inda za su je da abokinsa, na'urar sanyaya ɗaki ta suɓuto daga bene ta faɗo masa.

Sauran biyun, akwai Tahani Al-Jamil, haifaffiyar Pakistan da ta tashi a Ingila cikin daula, wadda ta tara wa ƙungiyoyin agaji dala miliyan dubu sittin, ba ta kuwa iya gama zance ba ta ambaci wani mashahurin da ta sani ba. Akwai kuma Jason Mendoza na birnin Jacksonville a jihar Florida, wawan saurayi mai kyakkyawar zuciya, wanda ya shiga cikin akwatin ƙarfe na ajiye kuɗi don a kai shi ya yi sata a wani gidan abinci, iska ta ƙare masa a ciki. Shi ma an ɗauke shi a matsayin wani malamin addinin Buda da ya yi alwashin ba zai yi magana ba, ya kuwa ja bakinsa ya yi gum don kada a gane shi.

A kashi na ƙarshe na zangon farko, cikin Janairun 2017, Eleanor ta dubi yadda su huɗun ke ta cin naman juna, wannan na jin tsoro, wancan na ciwon ciki, waccan na ƙyashi, sai ta gane. Ashe nan ɗin ne Mugun Wurin. Michael ba mala'ika ba ne, shaiɗani ne, sauran mazauna unguwar duka ma'aikatansa ne. Ya gaji da tsohuwar azaba ta wuta da ƙarfe, ya kawo sabuwar dabara: a zaɓo mutum huɗu da halinsu ba ya haɗuwa, a ce musu suna aljanna, a bar su su azabtar da juna shekara dubu. Ted Danson, wanda Amurkawa suka daɗe da sani tun wasan Cheers na 1982 zuwa 1993, a nan ya saki wata dariyar ƙeta da ta sa masu kallo da yawa suka zabura. Dabarar kuwa ta yi kama da ta wani wasan kwaikwayo da Bafaranshen nan Jean-Paul Sartre ya fitar a 1944, inda aka kulle matattu uku a ɗaki guda aka bar su da juna. Bahaushe ma ai ya daɗe da cewa zo mu zauna, zo mu saɓa.

An nuna kuma dalilin da ya kai kowannensu can. Na Eleanor da Jason a fili yake. Tahani kuwa duk alherin da ta yi, ta yi shi ne don iyayenta su yaba mata kamar yadda suke yabon ƙanwarta Kamilah, saboda haka bai amfane ta da kome ba. Chidi kuma, wanda bai taɓa nufin kowa da sharri ba, rashin tsai da magana guda da ya yi ta yi ya jefa duk wanda ya raɓe shi cikin wahala. Wannan hukunci na Chidi yana da zafi, amma daidai ne. Akwai mutanen da ba a taɓa kama su da laifi ba don kawai ba su taɓa ɗaukar nauyin kome ba, kuma iyalansu ne suka san irin kuɗin da suke biya.

A nan ne wasan ya shiga ainihin maganarsa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Michael ya yi lissafin za su ɓata wa juna rai, bai yi lissafin za su gyara juna ba. Da asirinsa ya tonu sai ya shafe musu tunani ya sake farawa. Suka sake ganewa. Ya sake shafewa. Sau 802 yana wannan abu, har akwai karon da wawan nan Jason ne ya fara ganewa, abin da ya fi kome yi wa Michael ciwo. Kuma kusan kowane karo hanya ɗaya ake bi: Eleanor ta nemo Chidi, ta ce ya taimake ta, shi kuwa bai taɓa ƙi ba, ya ɗauko alli ya soma karatu.

Hausawa kan ce hali zanen dutse. Karin magana ne da ake jefawa in an fid da rai da mutum, kuma yana da daɗin faɗa don yana sauke wa mai faɗarsa nauyi: tun da ba ya gyaruwa, ba sai an wahala a kansa ba. Wannan wasa ya tsaya ne a kan cewa maganar ba haka take ba, kuma hujjar da ya kawo ta fi ta karin maganar ƙarfi. Bai ce Eleanor ta wayi gari ta tuba ba. Da farko tsoro ne kurum ya kai ta aji, tana hamma, tana yi wa malaman falsafa ba'a. Chidi ya koya mata ra'ayin Aristotul na Girka cewa kirki ba gado ba ne, sana'a ce, ana koyonta ta hanyar yi, kamar yadda makaɗi ke koyon kiɗa. Ta soma yin abin kirki don kada a kama ta, ta ci gaba da yi don ta saba, daga baya ta tarar ba ta iya bari don akwai mutanen da ba ta so ta ba kunya. Ranar da ta miƙe a gaban jama'ar unguwa ta ce ita ce baƙuwar da ba ta cancanci wurin ba, ta yi haka ne don ta ga yadda ɓoye asirinta ke cin Chidi. An kuma koma baya an nuna inda ta samo halin nata: uwa da uba da ba su damu da ita ba, har ta raba gari da su tun tana 'yar makaranta ta riƙa ci da kanta. Yarinyar da ta tashi ba wanda ya taɓa tsaya mata, ina za ta koyi tsaya wa wani? Zanen yana nan, amma ba a kan dutse aka yi shi ba.

Littafin da ya fi fitowa a wasan shi ne na wani shaihun malami na Jami'ar Harvard, T. M. Scanlon, mai suna What We Owe to Each Other, na shekarar 1998, watau haƙƙin da ke kan kowa game da ɗan'uwansa. A cikinsa ne Eleanor ta yagi shafi ta rubuta wa kanta saƙo cewa ta nemi Chidi, ta ɓoye a bakin Janet kafin a shafe mata tunani. Schur bai yi wannan aiki da ka ba, ya nemi shawarar malaman falsafa biyu, Pamela Hieronymi da Todd May. Har tsohuwar wasa-ƙwaƙwalwar nan da wata Baturiyar Ingila, Philippa Foot, ta kawo a 1967 an yi kashi guda a kanta: tarago ya ƙwace, mutum biyar na kan hanyarsa, in direba ya karkata zai take mutum ɗaya, yaya zai yi? Michael ya ce zancen allo ya isa, ya ɗora Chidi a kan tarago na gaske, ya sa shi ya yi ta take mutane jini na fantsamar masa a fuska. Wannan kashi ya ci lambar yabo ta Hugo a 2018, wasan kuma ya ci gaba da cin ta har sau huɗu a jere.

Wanda ya bar garinsu ya zo cin rani ko kasuwanci inda ba a jin harshensa ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Bai zaɓi maƙwabcinsa ba, bai zaɓi wanda rumfarsa ke jikin tasa ba, kuma sau da yawa an riga an yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba, shi ma ya riga ya yanke wa wasu. Kowa na riƙe da littafin makin ɗan'uwansa. Ba'amurkiya mai son kanta, da malami ɗan Afirka ta Yamma, da 'yar masu kuɗin Pakistan, da wawan Florida, in a duniya ne ko gaisawa ba za su yi ba. Tilas ce ta haɗa su, tilas ɗin ce kuma ta zama musu makaranta.

Zango na uku shi ne ya fi nauyi. An mai da su duniya an ba su dama ta biyu, sai tsautsayi ya sa suka ji labarin makin. Daga nan duk alherin da suka yi ba zai ƙirgu ba, tun da sun san akwai lada. Watau an rufe musu ƙofa. Eleanor ta ce to shi ke nan, kowa tasa ta fisshe shi. Tana cikin haka ta tsinci alaben wani mutum cike da kuɗi a mashaya. Ba mai ganinta, ba makin da za ta samu. Ta yi ta fama da zuciyarta, ƙarshe ta bi sawu har ta kai wa mai shi, shi kuwa ba kuɗin ne ma suka dame shi ba, wani ɗan zane ne da 'yarsa ta yi masa. Duk wasan ba inda ya kai wannan wuri.

Sai kuma aka je aka ga mutumin Kanadan nan da ya yi sambatu a 1972, Doug Forcett. Ya tsufa yana zaune shi kaɗai a daji, yana cin abin da ya shuka kawai, yana tace fitsarinsa yana sha don kada ya ɓarnatar da ruwa, wani yaron unguwa na juya shi kamar bawa ba ya iya cewa a'a, ya taka dodon koɗi bisa kuskure ya yi masa jana'iza. Duk don maki. Mutum ne da tsoron lissafi ya cinye, ba ya ƙaunar kowa, ciniki yake yi. Da aka je ofishin akantocin lahirar aka duba, yana da maki 520,000 yana ɗan shekara 68, akanta ya ce ba zai kai ba. Aka tambaya, to wa ya shiga a bana? Babu. Bara fa? Babu. Rabon da wani ɗan Adam ya shiga Kyakkyawan Wuri shekara 521 ke nan.

Michael, wanda zuwa lokacin ya riga ya koma bayan mutanen nan, ya zaci shaiɗanu ne suka yi maguɗi. Ya kai ƙara wajen kwamitin Kyakkyawan Wuri, suka nuna matuƙar damuwa, suka ce za su kafa kwamitin bincike, zaɓen 'yan kwamitin kaɗai zai ci ɗaruruwan shekaru. (Ashe ciwon kwamiti ba na ƙasa ɗaya ba ne.) Da ya duba littafin da kansa sai ya ga ba maguɗi. A 1534 wani mutumin Ingila ya tsinko furanni ya taka da ƙafa ya kai wa kakarsa, ya samu maki 145. A 2009 wani mutumin jihar Maryland ya aika wa tasa kakar furanni, aka rage masa maki huɗu, domin wayar da ya yi odar da ita an ƙera ta ne a masana'antar da ake bautar da ma'aikata, furannin an yi musu feshin guba, 'yan ci-rani da ake zalunta ne suka tsinke su, an yi jigilarsu dubban mil ana gurɓata iska, ribar kuma ta shiga aljihun wani azzalumin attajiri. Niyya ɗaya, aiki ɗaya, duniya ce ta cukurkuɗe. Michael ya kawo wa alƙaliyar lahirar misali da sayen tumatir guda. Mai sayar da tumatir a kasuwar Mil 12 zai fi alƙaliyar saurin fahimta, don ya san hannu nawa kwando ke bi daga gonakin Kadawa kafin ya iso: mai taki, mai maganin feshi, yaran da suka tsinka, dillali, direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, masu karɓar na goro a hanya, ɗan dako. In za a ɗora wa matar da ta sayi na miya alhakin duk abin da ya faru a wannan tafiya, ba mai cin miya da zai tsira. Ita alƙaliyar ta ce wannan raki ne, ta sauko duniya ta gani da idonta, ta koma a gigice, har tana cewa ashe ita baƙar mace ce a can, kuma ba a son irinta.

Lissafin da ke ƙirga sakamako kaɗai, bai duba niyya da iyakar sanin mutum ba, bai kuma san afuwa ba, lissafin injin ne, kowa zai faɗi. Ɗalibin da ya soma Arba'una Hadisi ya san da maganar niyya aka buɗe littafin, saboda haka wannan ba sabon labari ba ne a wurinsa. Abin sha'awa dai shi ne ganin marubutan barkwanci sun bi doguwar hanya, ta kan furanni da tumatir, sun iso kusa da nan. Amma akwai haɗari a wannan magana, kuma wajibi ne a faɗe shi. "Duniya ta rikice" ita ce mafakar kowane maha'inci. Mai algus zai ce kowa na yi, mai tauye mudu zai ce zamani ne. Wasan ya kauce wa wannan rami da wani mutum da aka kawo a zango na huɗu, Brent Norwalk, ɗan gata da ya gaji kamfanin ubansa, mai raina mata da baƙaƙe, wanda aka ba shi shekara guda cikin mutanen kirki bai gyaru ba, don bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Sai a daƙiƙar ƙarshe ya buɗe baki zai ba Chidi haƙuri, lokaci ya cika. Watau zama da mutane yana buɗe ƙofa, amma ba ya tura kowa ciki.

Inda wasan ya yi rauni shi ne ƙarshensa. An sauya tsarin, aka ce kowane mamaci za a yi ta ba shi jarrabawa yana maimaitawa har ya ci. Wannan ya dace da tatsuniyar, ko da yake mai tunani zai tambaya, in dai akwai gyara marar iyaka a can, me ya rage wa nan na nauyi? Sa'an nan mutanen namu huɗu suka shiga Kyakkyawan Wuri na gaske, suka tarar mazaunansa sun zama kamar gumaka. Har Hypatia, shahararriyar malamar lissafi ta birnin Iskandariya, daɗi ya yi mata yawa ta manta karatunta. Maganin da aka kawo shi ne wata ƙofa a cikin daji, wadda duk wanda ya ƙoshi zai bi ta ciki ya ɓace. Hujjarsu ita ce daɗi ba ya daɗi sai in yana da iyaka.

An shirya wannan kashi da gwaninta, mutane da yawa sun zub da hawaye, amma hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Musulmi da Kirista duka sun yi imani cewa gidan ni'ima ba gajiya a cikinsa, to amma ko an ajiye wannan gefe, aljannar da wasan ya zana ai kanti ce kawai: ka kira Janet, ta kawo. Wanda ya ɗauka ni'ima ita ce samun abin da ka nema nan take, dole ya ga za a gundura. Wannan ciwon ƙoshi ne, ciwon mutanen da ba su taɓa rasa abincin dare ba. A tambayi ɗan dakon da ke kwana a kan buhu a rumfar kasuwa ko yana tsoron hutu ya yi masa yawa. Kuma wasan ya saɓa wa kansa. Zango uku da rabi yana koyar da cewa abin da ke raya mutum shi ne haƙƙin wani a kansa, sai ga shi a ƙarshe Chidi ya ce shi ya ƙoshi zai tafi, Eleanor na roƙonsa ya zauna, daga baya ita ce ma ta ga bai kamata ta riƙe shi ba. Tahani ce kaɗai ta ƙi bin ƙofar, ta zaɓi ta koyi aikin shirya wa matattu jarrabawa, kuma nata zaɓin ya fi dacewa da duk abin da aka faro da shi.

A watan Yuni na 2019 Schur ya ba da sanarwar cewa zango na huɗu shi ne na ƙarshe, da kansa, ba don an kore shi ba, alhali wasan na da kasuwa. Wannan kam a yaba masa, don an san yadda masu irin wannan sana'a ke jan labari har ya tsinke. Kafin Eleanor ta bi ƙofar sai da ta roƙa wa Michael alfarma aka mai da shi mutum, aka sauko da shi duniya, tsohon shaiɗani yana koyon kaɗa garaya irin ta Turawa, yana ƙona hannu da abinci mai zafi, bai san makinsa nawa ba. Da ta bi ƙofar ta watse ta zama 'yan ƙyallaye na haske, ɗaya ya sauko kan wani mutum da ya tarar da wasiƙar da ba tasa ba a akwatin gidansa, ya riga ya jefa ta kwandon shara. Mutumin ya tsaya, ya koma ya ɗauko ta, ya duba adireshi, ya taka har ƙofar mai ita ya ƙwanƙwasa. Michael ne ya buɗe.